Yadda za ka ga lemur a dajinsa, tsakanin duwatsun tsingy na Madagaska

Tun da na dawo daga Madagaska tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: ta yaya mutum zai je ya ga lemur da idonsa, a can cikin duwatsun nan masu tsini da ake gani a hoto? Na amsa wa wasu a tsaye, wasu ta waya, amma amsar ta ƙi gajarta. Shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki.

Ga wanda bai san shi ba, lemur dabba ce mai hannu da ƙafa irin na biri, da doguwar jela, da manyan idanu, da dogon baki kamar na ɗan kwikwiyo. Ba biri ba ne, kuma babu biri a dajin Madagaska. Irinsa sun haura 100, kuma tsibirin ne gidansu na asali. A ƙididdigar da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta fitar a 2020, cikin iri 107 da aka duba, 103 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Tsingy kuwa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina da Ashaka da Malbaza, sai dai a can ruwan sama ya daɗe yana cin sa har ya zama dajin wuƙaƙe a tsaitsaye. Mutanen wurin suna fassara sunan da "inda ba a taka shi ba takalmi".

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: dutsen yana nan ko yaushe ka zo, lemur kuwa yana da lokacinsa da wurinsa. Wanda ya tsara tafiyarsa don dutse, dutse zai gani ya dawo.

1. Fara da zaɓen wata

Yanayinsu kishiyar namu ne. Lokacin da muke cikin hunturu da bazara, su suna cikin damina, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kuma tsakanin Janairu da Maris ne guguwar teku ke afka wa tsibirin. Lokacin da damina ta sauka a Kano da Maraɗi, su rani ya shigo musu.

Daga Yuni zuwa Agusta hanya ta bushe, safiya da sanyi, tafiya a ƙafa ba wahala. Amma baƙi sun yi yawa, wasu ƙananan lemur na dare kuma suna cikin dogon barcinsu. Ni dai Satumba da farkon Oktoba na fi so. Ganye ya zube, ido yana ratsa daji, kuma lokacin ne uwaye ke ɗauke da jarirai. Kuɗin da za ka biya a kan haka shi ne zafi, don daga Oktoba dutsen yakan yi kamar kasko kafin azahar.

Hattara: kada ka sayi tikitin Disamba don kawai lokacin hutu ne. Hanyar gandun dajin Bemaraha, ɗaya daga wuraren tsingy biyu da za mu duba a gaba, ba ta biyuwa da damina, gandun ma rufe yake.

2. Bemaraha ko Ankarana?

Wurare biyu ne suka shahara, kuma suna nesa da juna ƙwarai. Kada ka haɗa su a tafiyar mako ɗaya.

Tsingy na Bemaraha yana yamma, a yankin Melaky, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tun 1990. Shi ne mai manyan wuƙaƙe da gada mai lilo a saman kwazazzabo. Tauraronsa shi ne farin sifaka, wani irin lemur da masana ke kira sifakan Decken: jiki fari kamar auduga, fuska baƙa. Akwai kuma jan lemur mai yawo garke-garke, da wani na dare mai laushin gashi da ake kira avahi, wanda irinsa a yankin Bemaraha kaɗai yake.

Ankarana yana arewa, kusan kilomita 108 kudu da birnin Antsiranana, wanda har yanzu aka fi kira Diego. Ƙofarsa ta gabas tana ƙauyen Mahamasina, a bakin babbar hanya mai lamba RN6. Nan ne gidan lemur mai kambi: macen toka-toka ce da zanen ruwan lemo a goshi kamar an ɗaura mata ɗankwali, namijin ja-ja ne da baƙin tabo a tsakar kai. Akwai kuma lemur ɗin Sanford, wanda namijinsa ke da farin saje da tuntu a kunne. Ankarana ya fi sauƙin zuwa, tafiyarsa ta fi araha, kuma a ganina mutum ya fi saurin haɗuwa da dabbar a can. Idan kwanakinka kaɗan ne, ko kuna tafe da dattijo ko yara, ku nufi arewa. Idan kana da ƙarfin gwiwa da kwana biyar na ƙari, Bemaraha ba ta da na biyu.

Kuskure biyu da ake yawan yi a nan. Na farko, zuwa da fatan ganin lemur ɗin nan mai jela zobe-zobe baƙi da fari. Wannan ɗan kudu ne, sai wurare irin su Anja da Isalo. Babban lemur ɗin da ake kira indri, mai kuka kamar busa, shi kuma yana dajin ruwa na gabas, wajen Andasibe. Na biyu, rikita Ankarana da Jan Tsingy da ke kan hanyar Diego. Wancan jar ƙasa ce da zaizaya ta sassaƙa, wuri ne mai kyau na ɗaukar hoto, amma ba wurin neman lemur ba ne.

3. Takardu, jirgi da kuɗi

Daga ƙasashenmu hanya mafi sauƙi ita ce ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, ko ta Nairobi da Kenya Airways, a sauka filin jirgin Ivato da ke Antananarivo, babban birnin ƙasar. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2. Ana samun biza a filin jirgi ko ta intanet kafin a tashi. Ka tafi da katin allurar shawara, don mai zuwa daga ƙasar da cutar take ana iya neman ya nuna shi. Zazzaɓin cizon sauro yana nan a yamma da arewa, saboda haka ka ga likita tun a gida.

Kuɗinsu ariary ne, kuma babbar takarda ita ce ta 20,000. Ka zo da yuro ko dala ka canza a birni. Naira da sefa ba za su yi maka amfani ba. Akwai na'urar cire kuɗi a Morondava, garin da ake tashi zuwa Bemaraha, da Diego, amma kada ka sa rai da ita a ƙauyukan bakin gandu. Ka ɗebi tsabar kuɗi da za su ishe ka har ka dawo, da ƙananan takardu masu yawa.

Ga inda kuɗin ke tafiya, daga babba zuwa ƙarami: tikitin jirgi, hayar mota da direba da mai, masauki, kuɗin jagora, kuɗin shiga gandu, kuɗin fito, sai kyautar da za ka yi wa waɗanda suka yi maka hidima. A farashin da hukumar gandayen ƙasar, Madagascar National Parks, ta sa a 2015, baƙo yana biyan ariary 55,000 a rana a Bemaraha, 65,000 a Ankarana. Ka tambayi farashin shekarar da za ka je. Kuɗin jagora daban yake, ya danganta da tsawon zagayen, kuma na ƙungiya ne. Idan kun kai mutum huɗu, kuɗin mota da na jagora ya rabu huɗu ke nan.

Hattara: a karkara har yanzu wasu suna faɗin farashi da tsohon kuɗi, wato faran. Faran 5 shi ne ariary 1. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya da wanne ake magana, in ba haka ba sai ka biya ninki biyar ba tare da kowa ya yi niyyar cutarka ba.

4. Hanya

Ta Ankarana ba ta da dogon bayani. Ka hau jirgin cikin gida zuwa Diego, daga nan ka ɗauki hayar mota ko ka shiga motar haya da suke kira taksi-burus, ka sauka Mahamasina. Akwai ƙananan masaukai dab da ofishin gandun.

Ta Bemaraha ce ke bukatar shiri. Da farko sai ka kai Morondava, a bakin teku: kusan awa ɗaya a jirgi daga babban birni, ko kimanin kilomita 700 a mota. Daga Morondava zuwa ƙauyen Bekopaka wajen kilomita 200 ne kacal, amma suna cin awa 8 zuwa 10, don turɓaya ce da rairayi da ramuka. Sai jif mai ƙarfi wadda tayoyinta huɗu duka ke ja. Za ku ƙetare koguna biyu da jirgin fito, mota da mutane gaba ɗaya: Tsiribihina a garin Belo, sannan Manambolo a bakin Bekopaka. Ku bar Morondava da sallar asuba, don fito ba ya jiran kowa, kuma ba a son dare ya riski mota a wannan daji. Akwai ɓarayin shanu da suke kira dahalo, shi ya sa motoci kan jira juna su tafi a ayari bayan Belo. Idan direba ya ce a tsaya a jira ayari, ka tsaya.

Hanyar tana da ladanta. Ba ku yi nisa da Morondava ba za ku ratsa shahararren layin kukoki, dogaye santala-santala, ba kamar kukarmu mai faɗin gindi ba. Iri 6 na kuka babu su ko'ina sai a tsibirin. Gaba kaɗan kuma akwai dajin Kirindy. Idan da hali ka kwana ɗaya a can, zan faɗi dalili a mataki na 10.

Hattara: kafin ka ba da kuɗin mota ku rubuta a takarda wa zai sayi mai, wa zai biya fito, wa ke da nauyin kwana da abincin direba, da kuma ko kuɗin ya haɗa da kai ka Babban Tsingy, wato ɓangaren Bemaraha mai manyan duwatsu, wanda ke nesa da ƙauyen. Ka duba safaya taya da idonka.

5. Kayan da za ka ɗauka

Takalmi shi ne farko. Sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifa da sandal ka bar su a masauki. Sai safar hannu mai kauri, ko irin ta masu aikin gini, don duk inda ka dafa kaifi ne. Dogon wando mai ƙwari, riga mai dogon hannu, launi mara ɗaukar ido kamar ruwan ƙasa ko kore. Babbar riga da duk wani abu mai jan ƙasa za su maƙale a tsaga. 'Yan uwa mata su nemi wando mai faɗi da doguwar riga zuwa gwiwa, da hijabi gajere wanda za a iya cusa bakinsa cikin riga.

Madubin hangen nesa ya fi kyamara muhimmanci. Mai lamba 8x42 ya wadatar. Waya ba ta ɗaukar dabbar da ke can ƙololuwar bishiya. Mai son hoto na gaske sai ya zo da kyamara mai dogon gilashi, daga milimita 300 zuwa sama. Tocila ta goshi don kogo da yawon dare, fawa-bank don wuta ba ta tsayawa, da mahaɗin soket mai baki biyu zagayayye irin na Faransa. Mutanen Nijar nasu zai shiga, na Najeriya da Gana mai baki uku ba zai shiga ba. Ruwan sha lita 2 zuwa 3 ga kowane mutum, dabino ko gyaɗa, filasta da maganin ciwo. Duka a ƙaramar jakar goyo, don hannuwanka biyu dole su zama a sake.

6. Ofishin gandu da zaɓen jagora

Ba a shiga gandu sai da jagora mai izini. Ka je ofis da yammacin ranar da ka iso, ka biya, ka haɗu da jagoranka, ku tsayar da lokacin fita. Wanda ya bari sai da safe, safiyar a layi za ta ƙare.

A nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace. Yawancin baƙi gada da hoto suka zo nema, saboda haka jagora ya saba da sauri. Ka gaya masa ƙarara cewa lemur ka zo gani, ka fi son ku daɗe a daji ko da za a rage hawa. Ka tambaye shi inda aka ga garke jiya, da bishiyar da ke da 'ya'ya a wannan makon. Jagoran kirki zai amsa da sunan wuri da sunan bishiya. Jagororin suna jin Faransanci, wasu suna jin Turanci. Idan na Turanci kake so ka nema tun da wuri.

Ka koyi kalmomi kaɗan. Gaisuwa salama ce, a arewa kuma mbola tsara. Na gode, misaotra. Don Allah ko gafara, azafady. Sannu a hankali, mora mora, kuma wannan za ka fi bukata.

Hattara: akwai abin da suke kira fady, wato abubuwan da al'ada ta hana. A Bemaraha ba a nuna abu da miƙaƙƙen yatsa, musamman wajen kaburburan da ke jikin dutse a kwazazzabon Manambolo. Ana lanƙwasa yatsan ne. A Ankarana wasu kogwanni masu alfarma ne a wurin ƙabilar Antankarana. A tarihin da suke bayarwa, sarkinsu Tsimiaro ya ɓuya a ciki da jama'arsa a ƙarni na 19 lokacin yaƙi da dakarun masarautar Merina ta tsakiyar tsibirin, ya yi alwashin musulunta idan suka tsira, kuma ya cika. Har yau akwai Musulmi da yawa a yankin. Ka tambayi jagora abin da aka hana kafin ku shiga, ka kiyaye, kamar yadda kake so baƙo ya kiyaye a garinku.

7. Fita da sassafe, ka san inda za ka duba

Wannan shi ne zuciyar aikin. Lemur na rana yana cin abinci ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai ya nemi inuwa ya kwanta, ba ya sake motsi sosai sai bayan la'asar. Ranata ta farko a Bemaraha mun tsaya karin kumallo, mota ta yi jinkiri, ba mu shiga daji ba sai wajen ƙarfe tara da rabi. Mun hau, mun sauka, mun sha rana, ko jela ban gani ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san nisan da na taso. Washegari muka fita da duhu-duhu, kuma kafin ƙarfe bakwai muna tsaye ƙarƙashin garke.

Babban Tsingy yana da nisan kusan kilomita 17 daga Bekopaka, wajen awa ɗaya a mota, saboda haka ka lissafa da wannan. Ƙaramin Tsingy yana bakin ƙauyen, ana iya shiga da ƙafa.

Inda za ka duba: lemur ba dutse yake ci ba. Abincinsa ganye ne da fure da 'ya'yan itace, saboda haka yana cikin dajin da ke kewaye da dutsen, da kuma bishiyoyin da suka tsiro a cikin kwazazzabai inda laima take. Yana ratsa saman tsingy ne kawai idan zai ƙaura daga wannan kurmi zuwa wancan. Wannan tafiyar ta minti talatin ko arba'in a cikin daji kafin a kai gindin dutse, wadda kowa ke sauri ya wuce, ita ce damarka mafi girma. Ka rage sauri a nan. Taku ashirin, ka tsaya, ka saurara.

Kunne yana riga ido. Ga abin da za ka saurara: reshe ya kaɗa alhali babu iska, ɓawon 'ya'yan itace yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya, gurnani ƙasa-ƙasa, wanda jan lemur da na Sanford ke yi suna kiran juna, da wani sauti kamar atishawa, "shi-fak", wanda daga shi sifaka ya samo sunansa. Idan ka ji wannan na ƙarshe, ya riga ya gan ka. Ka duba ƙasa ma: sabon kashi da 'ya'yan itace da aka gatsa aka yar suna nuna garke bai yi nisa ba. Duk inda ka ga tsamiya, wadda suke kira kily, ko ɓaure mai 'ya'ya, ka tsaya ka ɗaga kai. Kada ka nemi dabba sukutum. Nemi jela da ta sauko daga reshe, ko farin dunƙule a inda reshe ya rabu biyu.

Abin da na gani a wannan safiya ba zai bar idona ba. Sifaka biyar ne a kan wata bishiya da ta zubar da ganye, sun juya ƙirji ga rana, hannuwa a buɗe, suna shan hantsi kamar tsofaffi a bakin zaure da sanyin hunturu. Ɗaya tana da jariri manne a cikinta, ɗan kansa bai fi ƙwallon goriba ba. Can sai babbar ta miƙe, ta dubi gefen dutse, ta tuma. A tsaye suke tsalle, ƙafafun baya ne ke tunkuɗa su, kuma su ne ke fara sauka. Ta dira a kan kaifin da ni da safar hannu nake tsoron dafawa, ta sake tumawa, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya har suka ɓace a wancan kurmin. Mace ce ke gaba, kuma haka tsarinsu yake: a yawancin irin lemur mace ke ja, ita ke fara ci.

A Ankarana ka sa jagora ya riƙa duba kogon bishiya. Akwai wani ɗan lemur na dare da ke yini a bakin rami, idanu waje kamar kofuna, yana kallon masu wucewa. Jagorori sun san ramukansa, kuma shi ne lemur mafi sauƙin ɗauka a hoto, don ba ya motsi.

8. Idan kun yi ido huɗu

Ka tsaya cak, ka yi shiru. Kada ka nufe shi kai tsaye, kada ka tsaya daidai ƙarƙashinsa. Ka bar tazarar mitoci da yawa, in ya matso da kansa ka bar shi. Ka fara kallo da madubi kafin ka ɗaga kyamara, ka kashe walƙiyar kyamara da ƙarar waya. Idan garken ya natsu zai ci gaba da harkarsa, su yi ta gyara wa juna gashi da haƙora, yara suna kokawa. Minti ashirin a wuri ɗaya ya fi garke uku da aka gani a guje.

Hattara: kada ka ba shi ayaba ko wani abinci, ko da ya zo har bakin jakarka, kamar yadda masu kambi ke yi a wuraren hutawa na Ankarana. Abincin mutum yana ɓata masa ciki, yana koya masa roƙo da cizo, kuma cutar da ke jikinmu tana iya kama shi. Mai mura ya ja baya. Kada ka yarda a girgiza bishiya ko a jefi reshe don ya juyo. Idan a gari wani ya kawo maka lemur a ɗaure ka ɗauki hoto ka biya, ka ƙi. Ajiye shi a gida laifi ne a dokar ƙasar, kuma kowane kuɗi da aka bayar yana sa a koma daji a kamo wani. Idan ya cije ka ko ya yaƙushe ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka nemi asibiti a ranar.

9. Hawan dutsen

Sai rana ta ɗaga, lemur ya shiga inuwa, sannan ka ba dutse haƙƙinsa. A Babban Tsingy za a ɗaura maka ɗamarar tsaro mai ƙugiya biyu, ka riƙa maƙala su a wayar ƙarfe da aka kafa a jikin dutse. Ƙa'idar ɗaya ce: kada ka taɓa cire duka biyun a lokaci guda. Ka matsar da ɗaya, ka tabbatar ta kama, sannan ka matsar da ɗayar. A kan gada mai lilo mutum ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Akwai tsani, akwai tsaga da sai an bi ta a kaikaice, akwai inda sai da rarrafe a duhu. Zagayen yakan ci awa 4 ko fiye. Mai jiri, mai ciwon gwiwa ko zuciya, da mace mai ciki, Ƙaramin Tsingy ya ishe su, kuma akwai lemur a dajinsa.

Kada ka ɗauki hoto kana tafiya. Ka duba rami kafin ka sa hannu saboda kunama. Maciji kam ka kwantar da hankalinka, tsibirin ba shi da irin su kububuwa da gamsheƙa. Kada ka shiga ruwan kogi ko na kogo, don akwai kada a Manambolo da cikin ruwan ƙarƙashin Ankarana.

10. Yawon dare

Yawancin irin lemur da dare suke fita, saboda haka wanda bai yi yawon dare ba ya bar da yawa a baya. Galibi ba a yin sa a cikin gandun gwamnati. A gefen gandu ake yi, ko a daji irin Kirindy. Ana fita bayan magariba, awa ɗaya zuwa biyu. Ka sa tocila a goshi daidai da idonka, ka riƙa share rassa a hankali. Idon lemur yana mayar da haske, za ka ga ɗigo biyu suna ƙyalli kamar garwashi. Da ka gan shi ka kawar da hasken gefe, kada ka dalle masa ido.

A Kirindy ne ake samun lemur mafi ƙanƙanta a duniya, nauyinsa wajen giram 30, da kuma fosa, mai kama da doguwar kyanwa, wadda ita ce babbar mai farautar lemur. Akwai wani mai kitse a jela da ke shiga rami ya yi barcin watanni a lokacin rani; idan ka zo a Yuli kada ka matsa wa jagora a kansa, sai ruwa ya kusa yake fitowa.

11. Abinci, salla da ranar dawowa

Shinkafa ce abincin ƙasar safe da dare. Romazava miyar ganye ce da naman shanu. Ravitoto, dakakken ganyen rogo, galibi da naman alade ake yin sa, saboda haka ka tambaya. Alade kisoa ne, saniya omby, kaza akoho, kifi trondro. A Diego da Morondava akwai masallatai da mahauta Musulmi. A ƙauye kifi da ƙwai da wake sun fi kwanciyar hankali. Alƙibla daga can arewa take, da ɗan karkata zuwa yamma, saboda haka kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Ruwan kwalba kawai za ka sha.

Ka ba kowane gandu safiya biyu aƙalla, uku in da hali. Sannan ka bar kwana ɗaya fanko tsakanin dawowarka babban birni da jirgin da zai mayar da kai gida. Jirgin cikin gida yakan sauya lokaci, fito yakan lalace, taya takan fashe a inda babu mai faci. Kafin ku rabu da jagora ka ba shi kyautarsa a hannunsa, ka karɓi lambarsa don ɗan uwan da zai zo bayanka.